Lambar da Na Kwafa Sau Biyu a Wuhan

Mutumin farko da ya yi mini magana a ƙasar Sin cuta ta ya yi. Na sauko daga jirgin ƙasa a birnin Wuhan da hantsi, jaka biyu a hannu, ɗaya ta tufafi, ɗaya ta kuka da daddawa da yajin da Hadiza matata ta ɗura mini, sai wani mai mota ya tare ni yana murmushi kamar ya san kakana. Na nuna masa takardar makaranta, ya gyaɗa kai har sau uku. Muka yi ta zagaya gari, muka haye wata doguwar gada a kan kogi, can kuma muka sake hayo ta, ni kuwa ina ta kallon benaye baki buɗe. Daga ƙarshe ya sauke ni a bakin wata babbar ƙofa, ya karɓi abin da ya karɓa, ya yi gaba. Sai da mai gadi ya duba takardata ya yi ta kaɗa hannu na gane cewa jami'a ce, amma ba tawa ba. Tawa tana can ƙetaren kogin.

Na zauna a kan jaka na yi wa kaina dariya, don in ban yi dariya ba kuka zan yi. Ni Basiru, ɗan Malam Umaru na Gumbin Kure, mai koyar da ilimin lantarki a Aliero, wanda ake kira Injiniya tun daga tashar Jega har Maiyama, ga ni bakin titi ko ruwan sha ban iya tambaya ba. Mai gadin nan ne ya ji tausayina. Ya rubuta mini lambar bas a tafin hannu da biro, ya tsallaka da ni titi, ya yi wa direba bayani mai tsawo yana nuna ni kamar kayan da aka ba da saƙo. Har yau ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Tallafin karatun da ya kawo ni na shekara uku ne, sai dai da sharaɗi. Duk ƙarshen shekara kwamiti yana zama, ɗalibi ya nuna abin da ya yi. In sun gamsu su sabunta, in ba su gamsu ba a sallame shi ya kama hanyar gida. Na karanta sharaɗin tun a Aliero na sa hannu ina murmushi, don a lokacin ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Sai da na zo na ji nauyinsa. Duk Gumbin Kure an san ɗan Malam ya tafi Sin neman digiri, har tsofaffin da ba su san inda Sin take ba sun yi mini addu'a. Ban ga da wace fuska zan sauka a tashar Jega hannu rabbana ba.

A kwana na uku na haɗu da Nasiru. Ina tsaye a ɗakin cin abinci ina kallon tukwane ina tunanin wanne ne babu alade, sai na ji an ce daga bayana, “Wannan tsayuwar ta Bakabe ce, wallahi.”

Na juya. Dogo ne, baƙi, da ɗan furfura a gemu. Bakatsine ne, shekararsa ta shida ke nan yana neman digirin dakta a ɗakin gwajin da aka tura ni. Tunda akwai wasa tsakanin Kabawa da Katsinawa, nan take ya mai da ni bawansa, ni ma na ce ai ubangidansa ne ya iso. Ya ja ni zuwa wani shago na Musulmin ƙasar inda ake jan taliya da hannu, ya nuna mini inda ake sayen rigar sanyi, ya tuƙa mini tuwon shinkafa a ɗakinsa na zuba kukata. Ranar na ci abinci har na yi gumi. Na ce a raina Allah ya ba ni yaya a baƙon wuri, kuma Yaya Nasiru na ci gaba da kiransa.

Shugabar ɗakin gwajin wata mata ce gajeruwa, Farfesa Lin, wadda maganarta ba ta wuce kalma biyar a zama ɗaya. Aikin da ta ba ni, in aka faɗe shi da Turanci sai mutum ya tsorata, amma ga shi a Hausance. Wayar faiba zaren gilashi ce, siririya kamar gashin kai, ana tura haske a cikinta daga wata fitila da ake kira leza. A da kunna hasken ake yi ana kashewa, da haka saƙo ke tafiya. Yanzu an ƙara wayo. Shi hasken bugu yake yi a kai a kai, irin na mata masu lugude a turmi, to sai a bar shi a kunne, a ɓoye saƙon a lokacin saukar taɓarya: ta sauka a kan kari, ko ta makara da rubu'in bugu, ko rabi, ko rubu'i uku. Hanya huɗu ke nan, kowace da ma'anarta. A can inda saƙon zai sauka akwai leza ta biyu mai nata bugun, da ita ake auna na farkon a gane abin da aka aiko.

Matsalar ita ce babu lezar da ke riƙe bugunta daidai. Kowace tana ɗan kaucewa yadda ta ga dama, kuma mai araha ta fi mai tsada rawar kai. Aikina shi ne in gina duk wannan a cikin kwamfuta, na kwaikwayo, da zaren da leza biyun da hayaniyar hanya, sannan in samo dabarar da za ta bi sawun kaucewar ta cire ta, saƙo ya fito. Alamar nasara a kan allon kwamfuta ɗigo huɗu ne, kowane a kusurwarsa. In dabara ta gaza, sai ɗigon su narke su haɗe su zama zagaye kamar gammo.

Yaya Nasiru ya sauƙaƙa mini farawa. Ya turo mini layukan umarnin da ya rubuta tun shekarun baya, ya ce, “Ga leza guda nan. Kwafa ka yi ta biyu, kada ka ɓata lokaci.”

To ni a zauren mahaifina na tashi. Malam marubucin Alƙur'ani ne, da hannunsa yake rubuta shi tun daga farko har ƙarshe, kuma a gabansa in ka sauya wasali ɗaya daga abin da aka ba ka, wanke allon za ka yi ka sake. Abin da babba ya ba ka, ba ka ƙarawa ba ka ragewa. Da wannan tarbiyya na zauna na kwafi lezar Yaya Nasiru harafi bayan harafi, na sa yatsa a kan allo na bi ta sau biyu don kada in tsallake ko da waƙafi. A ciki akwai wani layi mai lamba bakwai wanda ban san amfaninsa ba. Na so in tambaya, sai na tuna ni ne Injiniya, na haɗiye tambayar. Bakwai na gani, bakwai na rubuta.

Daga nan sanyi ya sauka. Mu a wajenmu in an ce sanyi, ana nufin ka ja bargo ka sha kunu. Na Wuhan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa riga uku ya tarar da ƙashi. Watanni ban ga rana sosai ba. Kewar gida ta kama ni ta wata hanya da ban zata ba: albasa nake mafarki. A can ganyenta suka fi zubawa a abinci, ni kuwa ina tuna manyan jajayen nan na Aliero da ake jibgewa bakin hanya, warinsu na bin mutum har cikin aji. Da ina yi wa warin nan tsaki. A Wuhan da za a sayar mini da shi a kwalba da na saya.

Salla a ƙarƙashin matakalar bene nake yi, kan siminti, ina fuskantar yamma, don a can Makka tana yamma da mu. Ni da na tashi ina jin ana cewa a dubi gabas, sai da na yi mako biyu ina jin kamar na juya wa alƙibla baya. Wata rana da azahar na sallame, haƙorana na kaɗawa, sai na ga wani tsoho tsaye da butar shayi a hannu yana kallona. Shi ne mai kula da na'urorin ɗakin gwajin, sunansa Jo, ni kuwa Baba Jo na sa masa. Turancinsa bai fi kalma ashirin ba, Sinancina bai kai haka ba. Ya yafito ni, ya buɗe wani ɗan ɗakin ajiya mai na'urar ɗumama wuri, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ciro makulli daga zobensa ya danƙa mini. Ya nuna bango da hannu yana tambaya da ido ko nan ne alƙibla. Na ce nan ne. Tun daga ranar ban ƙara salla a kan siminti ba.

Cikin wata na biyar na gama haɗa dabarata na kunna. Ɗigo huɗu suka fito tsaf, ƙanana kamar hujin allura. Kwamfuta ta ƙirga kuskure ta ce babu ko ɗaya. Na ƙara wa lezoji rawar kai, ɗigon ba su motsa ba. Na mai da su irin mafi araha, waɗanda kowa a fagen ya san ba sa aikin nan, ɗigon suna nan daram. Kaina ya kumbura har ƙofa ta kusa yi mini kaɗan. Na kira Hadiza na ce mata mijinta ya gano abin da zai sa a kai sabis mai ƙarfi har ƙauyuka irin Jiga Birni da kayan araha.

Ta ce, “To Injiniya, hwara da ɗakinmu. Sai na hau bisa turmi nika jin ka.”

Yaya Nasiru da ya gani sai da ya tashi tsaye. Takarda guda ta rage masa a buga a mujalla ya kammala, shekara biyu yana nemanta. Cikin kwana goma ya rubuta ta. Da ya turo mini na ga sunansa a gaba, nawa a baya. A taron mako kuma ya tashi gaban Farfesa ya ce wannan dabara ce da ya daɗe yana tunani, ya ba ni in gwada. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na san ranakun da na yi a kanta. Amma na ce a raina ko a baya sunana yake, takardar za ta tsallakar da ni kwamiti, kuma mutumin da ya tuƙa maka tuwo ba ka tsinka shi a gaban baƙi.

Farfesa ta daɗe tana kallon ɗigon. Abin da ta ce kawai shi ne, “Sake gwadawa.”

Na sake har sau goma. Sau goma amsa ɗaya. Na kai mata ina taƙama.

Saura mako uku kwamiti ya zauna, wata Juma'a bayan la'asar, lokacin hantsi ne a gida, na kira Malam. Muka gaisa, ya ba ni labarin gona, ya ce an kwashe albasa an fara sharar gonakin gero. Sannan ya ce ya kammala rubutun da ya shekara biyu yana yi, saura dubawa. Al'adarsu ce, in mutum ya rubuta Alƙur'ani ba ya fitar da shi sai wani masani ya bi shi shafi-shafi.

Na ce, “Ma sha Allah, Baba. Jega za a kai ma Malam Isa ke nan?” Malam Isa amininsa ne tun suna yara, ba su rabuwa.

Ya ce, “A'a. Liba za ni kai shi, wurin wani alaramma da yay yi karatu gabas.”

“Lahiya dai? Ko wani abu ya haɗa ku da Malam Isa?”

Ya yi dariya. “Mi za ya haɗa mu? Ai ya hi ni karatu. Amma ni da shi malami guda yab biya muna, zaure guda, shekara goma sha. Inda niy yi tuntuɓe, nan shika yi. In na ba shi, sai shi duba shi ga daidai na, mu taru mu yi ta murna bisa kuskure. Mai dubawa sai wanda ba ku sha tawada guda ba.”

Ya ci gaba da magana a kan kuɗin mota zuwa Liba da ciwon ƙafar Inna, amma ni na daina ji. Na yi masa sallama a gaggauce, na koma ɗakin gwaji da sassarfa, na buɗe lezoji biyun gefe da gefe. Ga bakwai a ta farko, ga bakwai a ta biyu. A karon farko na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da na kwafe shi, na binciki amfanin layin. Ashe kwamfuta ba ta iya rawar kai da kanta. Lamba ake ba ta ta fara daga nan, kuma in ka ba ta lamba ɗaya sau biyu, kaucewa iri ɗaya za ta yi maka sau biyu, taku bayan taku. Lezojina biyu tare suke kaucewa. Inda ta farko ta karkata, nan ta biyu ke karkata, in an auna ɗaya da ɗaya sai a ga babu abin da ya motsa.

Na goge bakwai ta biyun na sa goma sha ɗaya, na kunna. Ɗigon suka narke suka zama gammo. Na mayar da bakwai, na cire dabarata gaba ɗaya daga cikin aikin, na kunna. Ɗigo huɗu suka dawo tsaf. Wato duk watannin nan dabarata ko tsinke ba ta ɗaga ba. Na zauna ina kallon allo, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ga tsoro a kanta.

Washegari da rana na sami Yaya Nasiru a shagon taliya na gaya masa. Ya ajiye tsinken cin abincinsa. Sannan ya sassauta murya.

“Wa ka faɗa wa?”

“Kai kaɗai.”

“To ya tsaya a nan. Bakabe, saurara. Kwamitin nan ba mai buɗe layukanka, hoto suke kallo. Ka wuce, ni ma takardata ta shiga, bayan nan sai mu gyara a hankali. Wa aka kashe?”

Na ce, “Yaya, ai ƙarya ce.”

Ya ce, “Shekarata shida a garin nan. 'Yata ta fari ta shiga sakandare ban gan ta da kayan makaranta ba. Kai kuma in ka buɗe baki, mako uku gare ka, ba ka da komai a hannu. Jirgi za su sa ka. Ka je ka yi wa mutanen Maiyama bayanin lamba bakwai.”

Ba zan yi wa kaina ƙarya a rubuce ba, maganarsa ta shige ni. Kwana biyu ina yawo da ita. Na buɗe layin nan ya fi sau ashirin, in sa goma sha ɗaya, in mayar da bakwai. A rana ta uku na kira Hadiza na zayyana mata komai, har da shawarar Yaya Nasiru, ina ɗan gyara ta don ta yi daɗin ji. Ta bar ni na gama.

Ta ce, “In sun koro ka, ka dawo. Mutane su yi magana su gaji, kunyar kwana nawa ta? Amma in kaz zo da takardar ƙarya, ni ka zama da kai gida guda. Na san ka, Basiru. Ko goro kac ci bashi ba ka sakewa, balle wanga.”

Na ce mata ai ba ta gane yadda abin yake ba. Ta ce ta gane sarai, in je in yi abin da na kira ta don ta ce in yi. Na kashe wayar ina jin haushinta, don ta faɗi gaskiya.

Na gaya wa Yaya Nasiru cewa zan shiga wurin Farfesa, in yana so ya zo. Ya zo. Na buɗe kwamfuta a kan teburinta, na nuna mata bakwai da bakwai, na nuna mata gammon. Turancina ya gudu ya bar ni da 'yan kalmomi. Ta juya ga Yaya Nasiru. Mutumin da ya ce dabarar tasa ce tun da daɗewa, sai ga shi yana cewa shi shawara kawai ya bayar, ni na rubuta komai, bai taɓa buɗe aikin ba. Na dube shi, ya dubi tagar ofis. Wannan cutar ta fi ta mai motar tasha ciwo nesa ba kusa ba.

Farfesa ta tambaye ni, “Wa ya gano?”

Na ce, “Ni.”

“Wa ya sa ka faɗa?”

Na rasa yadda zan kawo mata Malam da Liba da Hadiza a Turancin da ya rage mini, na ce, “Ba kowa.”

Ta ce a janye takardar. Sannan ta yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinta. “Kwamiti saura kwana goma sha bakwai. Ba zan roƙa maka ba. Kawo abin da yake gaskiya, ko kaɗan ne.”

Ban san yadda labari ya kai wa Baba Jo ba, amma da safe ina zuwa na tarar da shi yana jirana a bakin ɗaki na ciki, inda na'urorin gaske suke, wanda ba a barin ɗan shekarar farko ya shiga. Ya ba ni farar riga da tabarau, ya kunna leza biyu na gaske, ya haɗa su da wani ƙaton nadi na zaren gilashi. A kan allonsa gammo ya fito, yana juyawa a hankali kamar mai rai. Ya nuna shi ya ce da Turancinsa, “Kullum haka.” Sannan ya kwafe mini abin da na'urar ta auna a ɗan faifai, ya sa mini a aljihu. Yanzu ina da mai dubawa wanda ba hannuna ya rubuta shi ba.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Dabarata tana duba ɗigon da ke maƙwabtaka da juna ne ta ƙiyasta inda bugu ya karkata. Sai na gano in ta dubi maƙwabta kaɗan, hayaniyar hanya na ruɗa ta, in kuma ta dubi da yawa, kafin ta gama lezar ta riga ta kauce ta bar ta a baya. Na yi ta ragewa ina ƙarawa, kowane gwaji da sababbin lambobi, ba na yarda da amsa sai na sauya su sau da yawa ta tsaya. Na kuma koyi tambaya. Na tambayi 'yan ajinmu, na tambayi Farfesa, na tambayi wata ɗaliba da na girme wa da shekara takwas, ta nuna mini kuskure biyu cikin minti biyar. Injiniya ya mutu a makon nan, kuma ban yi masa zaman makoki ba.

A rana ta goma sha biyu gammon ya tsage. Ɗigo huɗu suka fito, ba irin na da ba. Waɗannan manya ne, buzu-buzu, gefensu na zubewa, kwamfuta kuma ta ƙirga kurakurai ta jera mini. Da leza mai matsakaicin kyau dabarar tana riƙewa, da mai araha sosai tana faɗuwa warwas. Na ɗauko abin da Baba Jo ya auna na zuba a ciki. Ɗigo huɗu, buzu-buzu, kusan girman nawa. Ban taɓa murnar ganin kuskure ba sai ranar. Na ruga na kamo hannun tsohon na kawo shi gaban allo, ya sa tabarau ya duba, ya tsiyaya mini shayi a murfin butarsa.

Yaya Nasiru tun ranar ofis bai ƙara yi mini magana ba, ni ma ban neme shi ba. Amma da safen kwamiti na buɗe ƙofata na ga kwat ɗinsa baƙa rataye a mariƙi, a goge, babu takarda babu saƙo. Ya san ba ni da ita. Na tsaya ina kallonta ina tunanin in mayar masa, daga baya na sa. Hannun ya yi mini tsawo.

Mutum biyar ne a kwamitin, Farfesa Lin tana gefe ba ta da ƙuri'a. Na nuna musu hoto biyu. Na ce wannan kyakkyawan ƙarya ne, ga yadda aka yi na samo shi, wata biyar na yi ina bauta masa. Wannan mummunan shi ne gaskiya, kwana goma sha bakwai ne shekarunsa, ga iyakar inda yake aiki, ga inda yake faɗuwa. Wani mai farin gashi ya tambaye ni abin da na yi a shekara guda ke nan bai wuce aikin mako biyu ba. Na ce haka ne. Wata ta tambayi yadda na tabbatar babu wata bakwai ɗin a ɓoye. Na nuna mata awon na'urar gaske kusa da nawa. Suka yi magana da Sinanci a tsakaninsu, ba wanda ya yi murmushi. Aka ce in tafi, za a ba ni amsa a rubuce.

Kwana huɗu na jira. Na wanke tufafina duka, na jera su kusa da jaka, don in tafiya ce kada ta same ni a warwatse. A rana ta biyar da hantsi sakatariyar sashe ta miƙo mini takarda guda mai jan hatimi, ta juya ga wayarta. Daga sama har ƙasa Sinanci ne. Sunana kaɗai na iya karantawa.

Wayata tana iya fassarawa, hoto kawai zan ɗauka. Na ciro ta, na mayar. Ban so in ji wannan labari daga bakin na'ura, ni kaɗai a tsaye a baranda. Na riƙe takardar da hannu biyu na sauka bene uku, na ratsa tsakar makaranta, na shiga ɗakin gwaji. Baba Jo yana durƙushe yana naɗe waya. Na miƙa masa.

Ya goge hannu a riga, ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa a hankali, leɓɓansa na motsi. Ya kai ƙasa ya koma sama ya sake. Sai ya cire tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Shekara,” ya ce. “Ɗaya. Kuma.”

Na dafa tebur, hawaye suka zubo mini a gaban tsohon mutane ban ko ɓoye ba. Ya bar ni na ɗan lokaci. Sannan ya jawo kujerata da ƙafa, ya juya ta ta fuskanci kwamfuta, ya bubbuga bayanta da tafin hannu.

“Zauna,” ya ce. “Leza mai araha. Bai yi ba tukuna.”

Na share fuska, na zauna.